Kabarin da Kogi Bai Ci Ba

"Taku nawa yau?" in ji tsoho Tofazzal daga kan gadonsa na gora, tun Morjina ba ta tuɓe takalmi ba.

"Sittin da biyu, Kaka. Makon jiya saba'in ne."

"Ɓarawon banza," ya ce. Da kogin Jamuna yake.

Morjina 'yar maƙwabcinsa ce, tana ajin ƙarshe kafin jami'a, tana karanta labarin ƙasa. Da malaminsu ya ba su aikin auna yadda kogi ke cin gaɓa, sai ta riƙa ƙirga taku daga bakin ruwa zuwa makabartar gari. Tofazzal, da ya shekara hamsin yana tuƙa kwalekwale, shi ya nuna mata inda ruwa ke murɗawa, yana yi mata tsiyar cewa abin da ya sani da ido ita sai da littafi.

"Kogin nan ya cinye kabarin ubana, da na uwata, da na matata," ya ce, numfashinsa na sarƙewa. "Ko inda zan tsaya in yi musu addu'a babu. Ni kar a ba kifi ni, jikalle. Ke na bar wa."

Ranar Alhamis bayan Azahar rai ya yi halinsa, kwanon shinkafarsa na gefe ba a taɓa ba. Morjina ta yi kuka mai isarta. Sai ta jiyo mai gari, Alhaji Sekandar, a gindin mangwaro yana cewa a haƙa kabarin a makabartar da ke kan tudu, inda aka saba.

Mata ba sa sa baki a wannan magana, amma ta matso bayan danga da littafinta.

"Baba Alhaji, a gafarce ni. Kar a kai shi tudu."

"Ikon Allah. Yau kuma ƙwai ke koya wa kaza? Duk garin nan akwai inda ya kai tudu tsawo?"

"Tsawon ba zai hana ba, Baba. Tudun a bayan lanƙwasar kogi yake, inda ruwa ke duka. Taku takwas yake ci duk mako, tun damina ba ta zauna ba. A kai shi kudu, wajen gonakin gyaɗa, inda kogi ke zubar da yashi."

"Can da ambaliya ke kwana?"

"Ambaliya baƙuwa ce, takan tafi. Zaizaya ba ta mayar da abin da ta ɗauka."

Alhaji Sekandar mutum ne da ko rana aka ce ta fito sai ya leƙa. Ya tattare zaninsa ya tafi ya ƙirga da ƙafarsa, maza na biye da shi. Hamsin da tara ya samu. Da ya dawo sai ya ɗauki kwando, shi ya fara jidar ƙasa zuwa kudu. Suka tara tsibi har ƙirjin mutum, a nan aka rufe Tofazzal.

Mako na bakwai tudun ya rufta, makabarta da duk abin da ke cikinta. Amma masallacin kwano da gidaje tara da ke kan tudun sun riga sun tashi, don Alhaji da kansa ya riƙa aikowa a tambayo "Malama Morjina" inda za a kafa.

Da ruwan ambaliya ya janye, ta bi ta cikin laka ta je kabarin Tofazzal. Tsibin na nan daram, shingen goran da aka kewaye shi da shi bai ko karkace ba. Daɗi ya cika ta har da hawaye. Ta juya ta taka zuwa bakin ruwa, ta dawo tana ƙirgawa.

"Ɗari biyu da huɗu, Kaka," ta ce a hankali. "Ranar da aka rufe ka takun bai kai haka ba. Ƙaruwa yake yi."

Wata balbela ta sauka a kan shingen, tana shanya fikafikanta.