Ranar Lamba a Tungar Malami

Asibi ta gyara goyon Mariya, ta ƙara sauri don kada sauran mata su bar ta a baya. Sun kai su goma sha biyu, kowace da goyo, wasu suna jan yara a hannu, suna bin gefen gonakin shinkafa zuwa mashigin da ya raba ƙasar Kaoje da Dahome.

Tun jiya da la'asar labari ya iso Tungar Malami cewa gwamnati ta aiko mai lamba, zai tsaga hannun kowane yaro saboda agana. Shekara biyu ke nan da samun 'yancin kai, amma mutanen tungar ba su taɓa ganin ma'aikacin gwamnati ya zo da alheri ba. Wani ya ce lambar ce ke kawo ciwon. Wani ya ce ya ga yaron da hannunsa ya kumbura ya ruɓe. Maza suka yanke shawara a ƙofar masallaci: da sassafe a tsallakar da yara wajen dangi a Dahome, sai baƙon ya tafi.

Asibi ta san agana fiye da duk masu maganar. Shekara huɗu da suka wuce ta ɗauke mata 'ya'ya maza biyu cikin mako guda, ta bar mata fuska duk ramuka. Mariya, 'yar wata takwas, ita kaɗai gare ta yanzu. Asibi ta roƙi mijinta Namadi ya bari a yi wa yarinyar, ya ce maganar gari ba a tsallake ta.

Da suka iso mashigin, sai suka ga wasu mata biyar suna ratso ruwan daga wancan gefe, zannuwa a naɗe, yara a kafaɗa. Wata tsohuwa ce ke gabansu. Ta yi sallama da Dendanci. Asibi ce ta amsa, don uwarta mutuniyar can ce.

"Sunana Saratu," in ji tsohuwar. "'Yata, nan ce hanyar garin da ake lamba?"

"Nan ce, Inna. Mu ma daga can muke. Gudunta muke yi."

Tsohuwar ta tsaya cikin ruwa, ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Gudunta? Zuwa ina? Agana tana bayanmu. Jiya an binne yara uku a ƙauyen da ke gaba da namu. Masu lambarmu ba su iso ba, sai muka ji gwamnatinku ta aiko da nata, kuma ba a biyan ko anini. Tun asuba muke tafe."

Ta ja mayafinta, ta nuna wani tsohon tabo a damtsenta, kamar faɗin kwabo.

"Ina budurwa aka yi mini. Agana ta shiga gidanmu sau biyu, ta kwantar da na dama da na hagu, ni ko ciwon kai."

Asibi ta juya ta faɗa wa matan tungar da Hausa, ba ta rage kalma ba. Safiyatu, matar wan mijinta, ta ce a hankali, "To, mi za mu ce ma maza?"

"Ni dai na ga ramin ɗa sau biyu," in ji Asibi. "Ba ni ganin na ukku da ƙafata."

Ta juya. Matan Dahome suka bi ta. Sauran suka tsaya a bakin ruwa, ba gaba ba baya.

A gindin tsamiyar ƙofar mai gari, mai lamba yana zaune shi kaɗai tun hantsi. Saurayi ne mai suna Lukmanu, ɗan Bagudo, sanye da kakin da guga ya kama. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, ya jera kayan aikinsa, ya kafa 'yar tuta mai kore da fari a jikin kekensa. Maza suna nesa kaɗan, sun faɗa masa cewa garin babu yara, duk sun tafi biki.

Namadi ne ya fara hango matarsa. Ya taho da sauri ya tare ta.

"Asibi! Ina na ce ki tahi?"

Ta durƙusa a gabansa, goyon na bayanta, kowa na ji.

"Maigida, na tahi inda ka ce, na tarar agana na can tana jira. Ga mutanen da suka gudo mata. Biyu muka kai makwanci, wagga ɗiya ɗaya ta rage muna. In ka ce a kai ta can, ga ta, kai ta da hannunka. Ni ba ni iyawa."

Namadi ya dubi baƙin matan, ƙafafunsu duk taɓo. Ya dubi fuskar matarsa. Sai ya matsa gefe.

Lukmanu ya miƙe tsaye ya karɓe ta kamar an kawo masa matar hakimi. Ya goge damtsen Mariya, ya ɗiga maganin, ya ɗan tsattsaga wurin da allura. Yarinyar ta tsala ihu sau ɗaya, ta kama nono ta yi shiru.

"Shi ke nan, Yaya," in ji shi, yana ɗaga murya don maza su ji. "Wurin zai tashi, zai yi ruwa, jikinta zai yi zafi kwana biyu. Kada a sa toka, kada a sa kashin shanu. Zai bushe da kansa."

Saratu ta turo jikanta gaba. Sai wani dattijo daga cikin maza ya yi gyaran murya.

"Malam, waɗanga ba namu ba ne. Mutanen Faransa ne. Maganin gwamnatinmu za ka ba su?"

Asibi ta kusa yin dariya. Da safe maganin abin gudu ne, yanzu ya zama nasu.

"Baba, agana ba ta san iyaka ba," in ji Lukmanu. "An ce mini duk yaron da aka kawo in yi masa. Ƙasarmu ce yanzu, ba mu korar baƙo da ɗa a hannu."

Asibi ta fassara wa Saratu. Da ta zo kan "ƙasarmu" sai ta ji muryarta ta ɗaga, ta maimaita kalmar ba tare da an sa ta ba.

Daga nan ba ta zauna ba. Ita ke riƙe hannun yaro, ita ke lallashin uwa, ita ke bayani da Dendanci. Kafin azahar Safiyatu ta bayyana da 'ya'yanta uku, kanta a sunkuye, sauran mata na biye da ita. Mazajensu suka yi kamar ba su gani ba. Da la'asar ba a bar yaro ko ɗaya ba.

Lukmanu yana haɗa kayansa ya kira Namadi.

"Gobe zan shiga tungayen bakin kogi, ni kuwa ba ni jin Dendanci, mata kuma ba su yarda da ni. In ka amince, maiɗakinka ta raka ni kwana ukku. Zan nemi mai jirgi ya kai mu."

Asibi ta sunkuyar da kai. Maza duk suka zuba wa Namadi ido.

"Ba ka neman kowa," in ji shi. "Wanga kogi ba wanda ya san shi kamar ni. Ni ka tuƙa ku."

Ya juya wajen matarsa, ya miƙa hannu.

"Kawo Mariya in riƙe. Tun safe ba ki ci komi ba."