Layin da Na Sa Aka Cire

Aikina ba da maki ne, kuma har zuwa Talatar nan ina taƙama da shi. Kamfaninmu ne ke haɗa wakilin na'ura, wato muryar nan da ke ɗaga waya a asibitoci ta ba mutum ranar ganin likita. Wakilin yana da kayan aiki, wannan na ba da rana, wancan na sokewa, kowanne da ɗan bayani a rubuce da ke gaya masa abin da yake yi. Abin da bayanin ya faɗa shi ne iyakar saninsa. Ni nake karanta bayanan in ba su maki, daga ɗaya zuwa biyar. Ba na gwada kayan aikin da kaina. Takardar awonmu ta ce in duba gajarta da tsabtar magana, shi ke nan.

Cikin masu rubuta mana akwai wanda muke kira Dogon Bayani. Ko gaisuwa ya fara sai shayinka ya huce. Wata huɗu da suka wuce ya kawo bayanin kayan soke rana, layi tara cur. Na ja jan biro a kan takwas daga ciki, na ba shi maki biyu, na rubuta a gefe: "Wakili ba ya son hira." Maganar ta yi min daɗi har na karanta wa ta kusa da ni. Ya koma ya dawo da layi ɗaya: "Yana soke ranar da aka ba shi lambarta." Na ba shi biyar.

Babana kuwa, tsohon mai gyaran agogo, wata bakwai yana jiran aikin yanar ido. Na hagu ya daina gani tuni, na dama ma ya fara dushewa. Aka ba shi Alhamis. Motar da za ta kai shi tana gareji sai Juma'a, shi kuma ba ya son a riƙa yi masa komai, sai ya buga wa asibitin waya da kansa.

Na dawo daga aiki na tarar da shi a kujerarsa ta bakin taga, waya a cinya.

"'Yar nan, abin naku akwai ladabi," ya ce. "Na ce ya matsar min zuwa Juma'a. Ya ce ya soke ta Alhamis, bari ya ba ni wata. Sai kuma ya ce mafi kusa bayan wata tara ne. Na ce to a bar min Alhamis ɗina. Haƙuri ya ba ni har sau uku."

Washegari na yi sammakon asibiti. Matar da ke teburin karɓar marasa lafiya ta juyo min da allon kwamfutarta. Duk wanda aka soke wa rana ƙarshen layi yake komawa, gurbinsa kuma nan take ake ba na bayansa.

"Wata tsohuwa ce ta samu, har ta zo an ɗauki jininta," ta ce. "In kira ta in ce ta haƙura?"

Na ce a'a, a bar mata.

A ofis na buɗe tsohon rubutun Dogon Bayani. Ga shi nan a layi na bakwai, ƙarƙashin jan birona: "A kula, wanda aka soke wa rana yana rasa matsayinsa a layi. Idan matsarwa yake so, kada a taɓa wannan, a miƙa shi ga ma'aikaci." Na karanta ya fi sau goma. Kunya ta kama ni, sai haushi, kuma ba ni da wanda zan ji haushinsa sai kaina.

Na shiga wurin shugabar sashenmu ba ko sallama. Na ce a mayar da layin yau, kafin a yi wa wani.

"Bayanin da aka rufe ba a buɗe shi sai zagaye na gaba, wata uku ke nan," ta ce. "Zan rubuta wa manya, amma kin san su. Kuma ki kwantar da hankalinki, ba ki yi kuskure ba. Mutum uku suka duba bayanki, duk biyar suka ba shi."

Wannan ta fi yi min ciwo. Da na fito na ci karo da Dogon Bayani a bakin ƙofa, ya ji komai. Na tsaya ina jiran layi tara, na ma fi son ya zage ni.

"Allah ya ba shi lafiya," ya ce, ya wuce.

Da yamma na sami Baba da wani tsohon agogon hannu, yana lalubar bayansa da farce. Na zauna a gabansa da niyyar in faɗa masa komai, ya riga ni.

"Ke da kike can, ki ce musu su riƙa yi wa abin naku cikakken bayani. Ni ban ga laifinsa ba. Ba a gaya masa ba ne."

"Zan faɗa musu, Baba."

Ya ɗaura agogon, ya kai shi dab da idon dama, ya ɗan jima. Sannan ya miƙo min hannunsa.

"Duba min, ƙarfe nawa?"