Kwamandan da Aka Shafe wa Fuska

Kwamandan yana kwance a tafin hannun Umar Farouk, tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba, ja wur tun daga hula har takalmi, kuma ba shi da fuska. Inda ido yake a da fenti ya cike. Inda hanci yake wani ɗigo ya gangaro ya daskare. Umar ya juya shi, ya sake juyawa, sannan ya dubi teburin. Sauran hamsin da tara suna jere a kai, duk jajaye, suna ƙyalli kamar an tsamo su daga kaskon manja.

Shekara goma sha ɗaya ke nan kowace Asabar yake barin unguwar Gwarinpa a Abuja ya kamo hanyar filin jirgi zuwa Lugbe, gidan amininsa Bernard, tsohon safiyo mai auna filaye. A ɗakin baya suke baje runduna biyu ta 'yan sojojin roba a kan wani faffaɗan tebur mai tsaunukan soso da itatuwan waya, su auna tafiyar kowane soja da tef, su jefa ƙwayar ludo ta yanke wanda ya faɗi. A ma'aikata Umar mataimakin darakta ne, ana miƙe masa. A gida kuwa matarsa ta sha cewa ta auri babban mutum mai wasan yara. Duk ya shanye, don ita Asabar ɗin nan ce kaɗai ranar da ba ya sa hannu a takardar kowa.

Wannan runduna da aka ɓata kyautarsa ce ga Bernard ranar da ya yi ritaya, kuma wata goma sha huɗu ya yi yana fentinta. Wanda bai taɓa riƙe burushin da bakinsa bai fi tsinin allura ba ba zai san abin da ake nufi ba. Fentin sai an sirka shi da ruwa ya koma kamar madara, a shafa siriri, a bar shi ya bushe, a sake, a kuma sakewa. Shafin farko kullum muni gare shi, dabbare-dabbare. A nan ne marar haƙuri yake ƙufula ya lafta, ya binne maɓallan riga da igiyar bindiga. Umar bai taɓa laftawa ba. Koren da ya shafa musu na ciyawar kaka ne, mai duhu, wanda in ka ɗora soja a tebur sai ya saje da daji kamar na gaske.

"Maman Linda!"

Mabel, matar Bernard, ta leƙo tana goge hannu da gefen zane. "Alhaji, sannu da zuwa. Ka zauna mana in kawo ruwa."

"Wa ya yi wannan?"

Ta dubi teburin, ta kawar da kai. "Obadiah ne, wanda yake yi mana fentin get."

Ko sallama bai yi ba ya fita tsakar gida. Obadiah yana kan benci yana shafa wa ƙofar ƙarfe ja, irin jan nan dai, yana fito abinsa. Da ya ga abin da ke hannun Umar sai fuskarsa ta washe, ya sauko da saurin mai jiran yabo.

"Oga, ka gani ko? Na yi shi da kyau fa. Fentin mai ne, orijinal, daga kasuwar Dei-Dei. Kowane ɗaya sau biyu na tsoma shi."

"Tsoma shi ka yi?"

"A cikin gwangwani, da filaya. Ko shekara goma ba zai tashi ba."

Gaskiya mutumin ya faɗa, kuma ita ce ta fi ciwo: ba zai tashi ba. Abin da zai cire fentin mai shi ne zai narkar da robar. Ya buɗe baki, sai maganar ta zo masa da yawa har ta sarƙe. Ya ce garin nan kaf haka yake, in za a yi baƙo a shafa wa dutsen gefen titi fari, a shafa wa gindin itace fari, da akuya za ta tsaya ita ma a shafe ta. Ya ce wanda bai san bambancin ƙofar ƙarfe da fuskar mutum ba bai kamata a bar shi da burushi ba. Obadiah ya yi tsuru, fenti yana ɗiga daga burushinsa kan silifas.

"Oga, ni aiki aka sa ni."

"Wa ya sa ka?"

"Ni na sa shi, Farouk."

Bernard ne tsaye a bakin baranda, dogo, fari fat a kai, hannunsa ɗaya a jikin bango. Ya juya ya koma ciki a hankali, Umar ya bi shi har ɗakin teburin.

Da Mabel ce ta yi karambani, da ya haɗiye. Da Obadiah ne ya yi gaban kansa, da ya zazzage shi ya huce. Amma Bernard! Nan take duk ƙananan abubuwan da ya danne suka taso. Makonni uku da suka wuce Bernard ya ɗauki sojojin Umar guda uku ya tura su cikin kwazazzabo, da aka yi magana ya ce kuskure ne. Kafin nan ya auna taku shida ya ce huɗu. Umar bai ce uffan ba a lokacin, amma a mota ya yi ta tsaki shi kaɗai har Gwarinpa, yana cewa ashe tsufa har maguɗi yake koya wa mutum.

Ya jawo kwalinsa daga ƙarƙashin tebur, inda yake ajiye 'yan kwalaben fenti da burusai don gyaran ƙujewa, ya fara kwashe tasa rundunar, masu ruwan ƙasa, ɗaya bayan ɗaya. Ya ƙudurta a ransa cewa in ya fita da kwalin nan, shi da hanyar Lugbe sai dai in jirgi zai hau.

"Jan ya fi yi mini kyau," in ji Bernard, yana zaune a kujerarsa. "Kayana ne, ai ka ba ni."

"Na ba ka. Laifina ne da na ba ka."

"To, mene ne na faɗa?"

"Wata goma sha huɗu, Bernard! Da ka ce ba ka so, da na ba 'ya'yan maƙwabta, su aƙalla sai sun duba kafin su karya." Ya dangwarar da jan kwamandan a gabansa. "Kowa ma ka tsoma zan haƙura, ban da wannan. Kwana tara na yi a fuskarsa kaɗai. Farin gashin bakin nan da gashin burushi ɗaya na ja shi. Tabon nan na gira, da wushiryar. Na zuba ido in ga ranar da za ka ce wani abu, shiru, ko tari ba ka yi ba. Na ce wataƙila kunya ce. Ashe raini ne."

Bernard ya lalubo kwamandan a kan tebur, ya shafa kansa da babban yatsa.

"Wane gashin baki?"

Umar ya tsaya da soja a hannu. Ya dubi amininsa: farin gashin baki, tabo a girar hagu inda ƙarfen awo ya taɓa yankarsa, wushirya. Ya dubi idanunsa, ya ga ba kwamandan suke kallo ba, gefensa suke kallo kaɗan. Ya tuna hannun nan a jikin bango. Ya tuna ranar kyautar, yadda Bernard ya ɗaga kwalin gaba ɗaya ya yi ta godiya, bai ciro ko ɗaya ya kai kusa da fuska ba.

"Kai ne," in ji Umar. "Fuskarka ce na zana masa."

Yatsan Bernard dai ya ci gaba da yawo a kan dunƙulen fentin.

"Tun yaushe?"

"Ya kusa shekara biyu. Ciwon sugan nan ne. Likita ya ce idon dama ya tafi, na hagu muna lallaɓawa." Ya yi 'yar dariya marar daɗi. "Korenka ya yi kyau da yawa, mutumina. In na ajiye su ba na sake samunsu. Ja kuwa ina gani."

Mai karatu zai zaci a nan fushin ya mutu. Ina! Sabo ne ma ya taso, wanda ya fi na farko nauyi.

"Shekara biyu! Kowace Asabar ina zaune a nan, muna cin gyaɗa a faranti ɗaya, ka bar ni ina zarginka da maguɗi a zuciyata? Ka gaya wa mai fentin ƙofa, ni ba ka gaya mini ba?"

"Ban gaya masa ba. Ce masa na yi ya yi ja."

"Au, har ka kyauta!"

"Da na faɗa maka, da ka fara bari ina cin ka. Na san halinka. Ni kuma ba na son sadaka a teburin nan."

Umar ya san da hakan zai yi. Ya yi tsaki mai tsawo. Daga tsakar gida ana jin Obadiah yana jan benci a hankali, ya daina fito. Mabel ta ajiye ruwa a bakin ƙofa ta koma.

"Sojojina fa?" Umar ya tambaya can. "Kana ganinsu?"

"Naka? Tun bara da tebur nake yaƙi."

Umar ya dubi kwalin. Rundunarsa ce ta farko, wadda ya koyi hannu a kanta, kowane soja ya san ranar da ya gama shi. Ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya ja kujera da ƙarfi har ta yi ƙara, ya zauna, ya fito da kwalaben.

"Fari ko rawaya?"

"Me?"

"Wanne kake gani sosai? Kada ka ɓata mini lokaci."

"Rawaya."

"Dole ka zaɓi mai wahala. Rawaya shafi huɗu take ci." Ya ɗiga fentin a marfin kwalba, ya tsoma burushi a ruwan da Mabel ta kawo, ya sirka har ya yi ruwa-ruwa. "Kuma ka gaya wa mutuminka na Dei-Dei, in ya sake kusantar teburin nan da filaya, ni da shi ne."

Ya ɗauko nasa kwamandan, ya ja burushin sau ɗaya daga kafaɗa zuwa ɗamara. Rawayar ta kwanta siririya, maɓallan rigar suna nan ana ganinsu a ƙarƙashi. Bernard ya matso da kujera, ya karkato da kai ta wajen idon hagu.

"Ya yi kyau?"

"Bai yi ba," in ji Umar, bai ɗago ba. "Shafin farko ne. Ka zauna ka jira."