Tsohon da Ya Ɓata wa Sale Hoto

Duk wanda ya san Goronyo ya san Sale mai hoto, sai dai ba irin sanin da yake so aka yi masa ba. An san shi da hoton fasfo da na biki da na suna. Shi kuwa ransa na wajen rumbuna da fadamun albasa da kwale-kwalen masunta a dam. Ranar da babu aiki sai ya hau babur ya bi ƙauyukan Wurno da Rabah, ya tsugunna gaban rumbu kamar kaza a kan ƙwai, yana jiran rana ta faɗo yadda yake so. Burinsa ɗaya ne tak a duniya: wani ya tsaya gaban hotonsa ya tambayi wanda ya ɗauka. Gasa kuwa ya tura mata hotuna ta waya har ya gaji, ko "mun gani" ba a taɓa ce masa ba.

Babu abin da ya tsana irin mutum ya faɗo masa cikin hoto. Matarsa Baraka takan ce ita dai ba ta taɓa jin mai hoton da ke korar mutane ba sai nata, alhali rumbu bai taɓa ce wa kowa an gode ba.

Wata ranar kasuwa Sale ya ce shi ma zai baje kolinsa yadda ake yi a birni. Ya ɗaura igiya a gaban shagonsa, ya jera hotuna, kowanne da sunan Sale rangaɗau a ƙasa. Cikinsu har da wani da Baraka ta cusa masa a jaka ba da saninsa ba: rumbunan wani ƙauye na Rabah, ga wani tsoho a kan jaki ya shigo daga gefe yana harara. Don dai igiya ta cika ya rataye shi can ƙarshe, jikin ƙofa.

Jama'a sun zo, ba a ce ba su zo ba. Wani dillali ya tambaya ko albasar da ke hoton ta sayarwa ce. Wani ya duba daga farko har ƙarshe, bai ga kansa ba, ya yi tsaki ya wuce. Samari suka juya wa hotunan baya suna ɗaukar kansu da waya. Sale yana ta murmushin yaƙe, amma abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Wajen la'asar wata tsohuwa mai tallar daddawa ta tsaya. Habi ce, cikin waɗanda 'yan bindiga suka taso daga ƙauyukan Rabah suka raɓe wurin dangi a Goronyo. Ta wuce hoton fadama, ta wuce na dam, ta je ta ƙame jikin ƙofa.

"Wa yaɗ ɗauki hoton ga?" in ji ta.

Tambayar da Sale ya yi shekaru yana jira ke nan, ga ta ta zo a kan hoton da ya fi jin kunyarsa. Ya shiga ba da haƙuri, yana cewa wannan ai ɓatacce ne; ya daɗe yana jiran haske, tsohon ya shigo, ya yi ta roƙonsa ya kauce, ya ƙi.

"Ba shi kaucewa," in ji Habi, har ta ɗan yi dariya. "Uban ɗiyana na. In anka ce mai kauce, nan shika tsayi. Ran da mutanen daji sunka shigo muna ma, kowa ya kauce, shi bai kauce ba."

Ta sa gefen mayafinta ta goge fuskar tsohon, tana faɗa wa Sale cewa duk tsawon zamansu bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba, jikokinsa ƙanana ma ba su san kamanninsa ba. Sale ya cire hoton daga igiya ya miƙa mata.

Ta tambayi sunansa. Ya nuna mata rubutun da ke ƙasa, ta ce ita ina ta ga boko, ya faɗa da bakinsa.

"Sale."

"Sale ɗan wa?"

"Ɗan Sa'adu, Inna."

Ta maimaita a hankali don kada ya kuɓuce mata in ta zo addu'a. Sannan ta ɗora tallarta a ka, ta riƙe hoton da hannu biyu ta nufi layin masu hatsi, inda mutanen ƙauyensu ke zama. Sale yana tsaye a bakin shago ya ga sun taru a kanta, hoton na yawo daga hannu zuwa hannu, wasu na dariyar hararar tsohon, wasu na share ido. Duk wanda ya karɓa sai ya tambaya, ita kuma ba ta gaji da amsawa ba, har muryarta na isowa inda yake:

"Sale ɗan Sa'adu yaɗ ɗauka."