Tsibin Duwatsun Kaka

Don Nemesio ya ce shi ba mai haɗa shi da ɗan rakiya. Mai gadin ƙofar gandun tsaunukan ya yi ta lallashi, ya ce a wannan watan hazo na sauka da azahar, amma tsohon ya murtuke fuska.

"Yaro, ubanka na tsumman goyo nake kiwon lama, raƙuman tsaunin, a nan. Ni za ka nuna wa hanya?"

"To Baba, ku dai sauko kafin ƙarfe biyu."

'Yarsa Maritza ta sa hannu a littafin baƙi, kunya kamar ta nutse. Shekara arba'in da uku rabon mahaifinta da tsaunin nan, yana can birnin Lima yana sayar da kifi a bakin teku. Jiya-jiya suka taho, ko kwana biyun da ake yi a gindin tsauni don ƙirji ya saba da iskar sama ba su yi ba. Tsohon ya ce wai wannan na baƙi ne. Taurin kai kuwa a gidansu ba sai an koya wa kowa ba.

Da safe lafiya lau suka bi sabuwar hanya har tafkin da ke sama. Tsohon ya zauna yana tauna ganyen koka da mutanen tsauni ke maganin gajiya da shi, yana haki yana cewa ba haki yake ba. Ita kuwa ta zagaya ɗaya gefen, ta tarar da fili cike da ƙananan tsibin duwatsu da 'yan yawon buɗe ido suka ɗora don hoto. Abin ya burge ta. Ta nemi inda hoton zai fi kyau, can a bakin kwazazzabo inda ƙasa ta yanke sai sarari, ta ɗora nata tsibin na duwatsu bakwai, ta cire jan ƙyallen gashinta ta ɗaure na saman. Ta yi hotonta ta dawo, ba ta ga abin ba da labari a ciki ba.

Hazon bai ma jira azahar ba. Kafin su gama cin dafaffen dankalinsu tafkin ya ɓace, sanyi ya shiga ƙashi. Leɓen tsohon ya yi shuɗi, numfashinsa na ƙara kamar ruwa na tafasa a tukunya. Maritza ta san ciwon tsauni ba shi da magani sai sauka, kuma wayarta ko alamar layi babu. Tsoro ya kama ta sosai.

"Hanyar gwamnati awa uku ce, Mari, ba zan kai ba," ya ce. "Akwai ta makiyaya ta can gefen. Kakanki ne ya jera mata duwatsu, taku arba'in-arba'in. Daga tsibi zuwa tsibi, ko makaho zai sauka."

Ya shige gaba yana ƙirga takunsa da ƙarfi, tana binsa da jaka biyu. Tsibi na farko ya fito daidai kan arba'in. Ya dafa shi, ya waigo yana murmushi.

"Kin gani? 'Yar birni kawai."

Na biyu ma haka. Na uku ya fito a taku goma sha biyu. Daga nan sai ga su dama da hagu, baƙi-baƙi cikin hazo kamar yara a tsugune.

"Baba, wanne ne na Kaka a ciki?"

"Duk wanda ke gaba mana."

Muryarsa ta yi nauyi, ƙirgen ma ya fara kwancewa, daga sha tara ya koma tara. Iska ta fizge hularsa, bai ko waiwaya ba. Maritza ta sunkuya ta ɗauka. Ko da ta ɗago, babu shi, sai tarinsa da take ji daga can gaba.

"Baba, jira ni."

"Ga wani nan, Mari," muryarsa ta zo cike da murna. "Har da jan ƙyalle a kai. Kin ga aikin mutanen da? Taho, na gaba taku arba'in ne."

Ita ta ɗaure ƙyallen nan, ta kuma san tsakaninsa da bakin kwazazzabon bai kai taku uku ba.

"Baba, tsaya! Kada ka motsa!"

"Ɗaya," ya ce. "Biyu."

Ta yar da jakunkunan ta ruga cikin hazon, hular na hannunta, tana kasa kunne ko zai ce uku.