Jar Mota a Bayan Katanga

Ranar da Sale ya kawo motarsa unguwarsu a Keffi, ba da ƙafarta ta zo ba. Wata tsohuwar a-kori-kura ce ta jawo ta da igiya tun daga Gitata, shi kuwa yana ciki riƙe da sitiyari, yana ɗaga wa mutane hannu kamar wanda ya ci zaɓe. Ja ce, ƙofa biyu, kujera biyu, irin motocin tseren nan na da, ga ta ƙasa-ƙasa, duk tudun rage gudun da suka hau sai cikinta ya karce. Shekara tara ta yi a gindin mangwaro a gidan Madam Priskila, matar wani malamin makaranta da ya rasu. Kaji sun yi ƙwai a kujerunta, ɓeraye sun ci wayoyinta sun ƙoshi. Matar ta sayar masa da ita da araha ne kawai don ba ta son 'yan gwangwan su sare motar mijinta da gatari.

Gyaran janareta Sale yake yi, kuma a gaskiya hannunsa na da kyau. Matsalarsa ɗaya, bai taɓa kai abu ƙarshe ba. Ya fara kiwon kaji ya bari. Ya haƙa ramin kifi a tsakar gidan gadonsu, ramin ya zama gidan sauro. A kan wannan ramin ne yayansa Kabiru, ma'aikacin sakatariya mai yawan tsuke fuska, ya ce masa a gaban baƙi ranar wani suna: "Kai ko tuwo aka ba ka, sai ka bar loma ɗaya don kada a ce ka gama wani abu." Sale ya mayar masa da maganar da ba ta maimaituwa. Tun daga nan shekara biyu ke nan suna gida ɗaya, ƙofa na kallon ƙofa, ko sallama ba ta haɗa su.

Duk abin da ɗaya zai faɗa wa ɗaya, ta bakin Inna yake bi, mahaifiyarsu. Ita ce waya, ita ce ɗan aike. Kuma abin mamaki, saƙon da take kawowa kullum mai laushi ne. "Yayanka ya ce yaya jikin naka." "Yayanka ya ce a ba ka wannan naman." Sale yakan karɓa yana taɓe baki, amma can cikin ransa yana jin daɗi. Ya ɗauka girman kai ne kawai ya hana Yaya buɗe baki, zuciyar tana nan.

Zauren gidan ko babur sai an karkata shi yake shiga. To amma damina ta kayar da katangar ƙasa ta gefen gabas, ta bar wawakeken giɓi, ta nan aka turo motar har tsakar gida. Kabiru ya dawo daga ofis ya same ta zaune daidai inda matarsa ke shanya. Ya tsaya ya kalle ta tun daga hanci har wutsiya, ya yi tsaki, ya shige ɗakin Inna. Sale yana jin tashin muryarsa ta bango, bai dai ji kalmomin ba.

Da Inna ta fito, sai ta ce, "Yayanka ya ce Allah ya sanya alheri. Ya ce dai in ka samu hali ka yi sauri, yana da niyyar gyara katanga."

"Ki ce masa katangar ba ta ubansa ce shi kaɗai ba," in ji Sale. "Motata ba inda za ta sai ta tashi da kanta."

Inna ta ce to, ta juya.

Wannan karon Sale ya rantse sai ya gama. Ba don motar kaɗai ba. So yake wata rana da safe, Kabiru na tsaye a ƙofar gida yana jiran ɗan acaɓa, shi kuma ya fito da ita ta wannan giɓin da ƙarfin injinta, ya wuce ta gabansa ko kallonsa bai yi ba. Wannan hoton ne yake tashinsa daga barci. Ya sauke inji, ya wanke shi da kananzir, ya sake wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya bi garejin da ke hanyar Akwanga yana tonon tsofaffin kaya har kanikawa suka sa masa suna Mai Gawa. Bai damu ba. Wata huɗu yana kwance a ƙarƙashinta, baƙin mai ya bi tsagin hannunsa ya zauna.

Shi ma Kabiru yana da tasa hujjar, kada a zalunce shi. Gida a buɗe yake, awakin maƙwabta na shigowa su ci tsaki, duk mai wucewa yana ganin mata a bakin murhu, an ma taɓa ɗauke tukunyar gas da rana tsaka. Sai ga tifa ta sauke yashi a bakin giɓin. Bayan sati biyu aka jibge bulo. Duk lokacin da wani abu ya ƙaru, Kabiru zai shiga ɗakin Inna ya yi ta faɗa, ita kuma ta fito ta ce, "Ya ce ka yi a hankali, ba gaggawa." Sale ya ce a ransa, ashe barazana ce kawai, mutumin nan ba zai iya ba.

Abu ɗaya ya rage, famfon mai. An neme shi a Keffi an rasa, sai wani ya ce akwai mai irin motar a Abuja da ya kwance tasa. Ranar Juma'a da yamma Kabiru ya sake shiga ɗakin Inna, ya daɗe, har da buga ƙofa da zai fita. Sale ya tambaye ta me ya ce.

"Ba komai," in ji Inna, tana gyara ɗaurin kallabi. "Ya ce Allah ya kiyaye hanya."

Asabar da sassafe Sale ya hau motar haya zuwa Abuja. Bai dawo ba sai bayan la'asar, famfon a cikin leda ya rungume shi kamar jariri. Da ya shawo kwanar gidan sai ya ja ya tsaya. Babu giɓi. Katangar bulo ce sabuwa fil, ta wuce tsayin mutum, simintin ko bushewa bai yi ba. Husaini magini yana wanke cebur a bakin kwata, da ya gan shi sai ya sunkuyar da kai.

Sale ya shiga ta zaure a guje. Ga motarsa nan, an yayyafa mata siminti a boneti, tana fuskantar katanga, tsakaninsu bai fi taku biyar ba. Kabiru na tsaye hannu a baya yana duba aiki.

"Kabiru!"

Shekara biyu bai kira shi ba, yau kuma ya kira shi da sunansa, ba Yaya. Matan gida suka leƙo suka koma.

"Ka rufe mini mota? Ina tafiya ka bi bayana ka rufe? Wannan ai aikin matsoraci ne!"

"Matsoraci?" Kabiru ya juyo. "Sau nawa na aika maka? Sau huɗu! Jiya na ce a gaya maka gobe magini zai zo, ka tura wannan gwangwanin waje ko in gine da shi. Ka aiko mini wai ka ji, in yi haƙuri, za ka fitar kafin gari ya waye. Na jira har ƙarfe tara da lebura a tsaye. Ƙarya kuma yau ka fara ta?"

"Ni na ce ka yi haƙuri? Ni? Cewa na yi katangar ba ta ubanka ce kai kaɗai ba!"

Sai suka kalli juna. A tare suka juya. Inna na tsaye a ƙofar ɗakinta, buta a hannu.

"Ni ce," ta ce. "To me kuke so in yi? In ɗauko zagi daga bakin wannan in kai wa wancan? Ni na haife ku, ba zan yi dakon wuta a tsakaninku ba. Na ɗauka in na yi ta lallaɓawa, wata rana za ku gaji."

Uwa ce, ba a ɗaga mata murya. Haushin da ya rasa inda zai sauka sai ya koma inda ya saba.

"Ka rushe faɗin bulo shida, in fita," in ji Sale. "Ni zan mayar da hannuna."

"Kai? Ka mayar? Ramin kifinka wa ya cike shi? Bulo ɗaya ba zai sauka ba. Ka kira masu walda su yanka ta, ka fitar ta zaure a kwano."

Sale ya tuɓe riga, ya shige ƙarƙashin motar da famfonsa. Duk da fushin da yake ciki, ya ɗaura shi daidai. Ya zuba mai, ya haɗa batir, ya zauna ya murɗa makulli. Ta yi tari. Ya sake. Ta yi tari sau biyu, sannan ta ɗauka da wani irin ruri da ya sa tattabarun maƙwabta suka watse, kwanon rufin gidan ya hau kaɗawa. Fitilunta biyu suka ɗago daga cikin boneti. Abin da ya yi wata huɗu yana jira ke nan, ga shi ya zo, ba hanyar fita.

Amma Sale ya san aikin siminti. Ginin yau bai kama ba, kafin gobe ne zai yi ƙarfi. Turawa ɗaya za ta zubar da shi. Ya taka kuloci, ya sa giya.

Kabiru ma ya sani. Bai yi ihu ba. Ya jawo bencin Inna, ya ajiye a gindin katangar daidai hancin motar, ya zauna, ya harɗe ƙafa.

"Bismilla," ya ce. "Yau dai ka gama wani abu."

Suka kalli juna ta gilashi. Sale yana jin injin yana rawa har cikin haƙoransa, ƙafarsa ta hagu na kan kuloci. Ya tsani mutumin nan a lokacin, tsana ta gaske, kuma ya ga ita ce a fuskar Kabiru, ba wani abu a bayanta. Ya daɗe a haka. Sannan ya mayar da giya, ya kashe motar. Kabiru bai bar bencin ba sai da aka kira magariba.

Washegari da safe ƙarar ruwa ta tashe shi. Kabiru ne da bokiti yana ba katanga ruwa don simintin ya ƙara kamawa, yana yi a natse, layi-layi, ruwan na gangarowa yana taruwa a ƙarƙashin tayoyin motar. Haka ya yi kwana uku. A rana ta huɗu ko ƙusa ba ta shiga ginin.

Da hantsi Sale na zaune a cikin motar, ƙofa a buɗe, ba abin da yake gyarawa don ba abin da ya rage. Inna ta zo da kwanon kunu, ta miƙa masa. Ta ɗan tsaya tana murza bakin zanenta.

"Yayanka ya ce yana gaishe ka."

Sale ya ɗago ya dube ta. Ya tuna naman, ya tuna yaya jikin naka, ya tuna Allah ya kiyaye hanya, duk na shekara biyu. Baƙin cikin da ya kama shi ya fi na motar.

"Inna," ya ce a hankali, "bai ce ba."

Ta karɓi murfin kwanonta ta koma ɗaki.