Ƙasusuwan Bakin Gonar Malam Ndanusa

Ni dai tun da aka fara faɗaɗa hanyar Paiko ban ga alheri ba. Katafila ta ci bakin gonarmu, ranar Alhamis kuma ta yaye wani tudu, sai ga tukwane, ga gatarin dutse, ga ƙasusuwan mutum. Direban ya diro yana salati.

Da yamma wata mai binciken kayan tarihi ta zo daga Minna, Hadassah sunanta, 'yar siririya mai ladabi. Ta durƙusa ta daɗe tana kallo. Ta ce wa mijina, Malam Ndanusa, "Baba, wannan ya shekara dubbai a nan. Don Allah kada kowa ya taɓa, sai na dawo da abokan aikina ranar Litinin." Wayarta ta mutu, ko hoto ba ta ɗauka ba. Ta rufa leda ta tafi.

To, wa ya san halin Malam irina? Mutumin da yake wankan gawa a unguwarmu tun kafin ya auro ni! Iska ta kwashe ledar, karnuka suka fara shawagi, ga hadari yana haɗowa. Ya kasa cin tuwo.

Ya ce da ni, "Zuliha, ɗan Adam ne fa a fili."

"Malam, an ce kada a taɓa."

"Ko ba Musulmi ba ne, ai uwa ce ta haife shi."

Na yi magana har na gaji. Ya ɗauki likkafani da buta ya fita. Ya tsince ƙasusuwan, ya wanke, ya binne a ƙarshen gona. Ya dawo fuskarsa fes, ya ci abinci har da ƙari.

Ranar Litinin Hadassah ta tarar da rami wayam. Wallahi na zaci za ta yi faɗa. Zama kawai ta yi a ƙasa, idonta ya kawo ruwa.

"Baba, yadda aka kwantar da shi ne kaɗai zai gaya mana ko su wane ne. Ko ka tuna?"

"Na tuna mana. A takure yake, kan gefe. Da na ɗaga hannuwan sai na ga wasu ƙananan ƙasusuwa a ƙirjinsa, na jariri. Na ware su tsaf, kowa na yi masa kabarinsa, yadda ake yi."

"A cikin hannuwan?"

"A ciki."

Ta ce a hankali, "Baba, ina jin uwa ce da ɗanta. Tare aka binne su."

Tausayin Malam ya kama ni. Ya juya yana kallon ƙarshen gonar.

"Shekara dubbai tana riƙe da shi," ya ce, "ni na zo na raba su."